Tafiyar da Gari Ya Hana Baba

Mahaifina ba mai yawan gaisuwa ba ne tun asali. Lokacin da muke yara a Kucheri, in ya saɓa fartanya ya kama hanyar gona, sai dai ka hangi ƙeyarsa. Wanda ya gaishe shi ya ɗaga masa hannu yana tafe, wanda ke son dogon zance ya biyo shi gona. Ni da yayata gudu-gudu muke yi a bayansa, ita da ƙwaryar fura a ka, ni ina kukan ƙaya ta soke ni, shi kuwa ko waiwaye. Ranar kasuwar Tsafe, in ya ga mota ta cika jiran fasinja, sai ya ɗora wakensa a ka ya taka, ya ce kafin direba ya gama lodi shi ya sayar ya juyo.

Shi ya sa abin ya ba ni dariya da ya manyanta ya zama sarkin gaisuwa. A lokacin ina koyarwa a Gusau, na kama haya a Tudun Wada, nakan leƙa gida ƙarshen mako. In muka fito zuwa masallacin Juma'a, ba mu yi nisa ba zai tsaya wajen tela, ya dafa ƙofar shago, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi akuyar da ta haihu. Mu ɗan taɓa tafiya, ya tsaya wajen mai nama. Har mutumin da suka shekara ba sa ga-maciji saboda iyakar gona sai da na ga Baba ya tsaya yana tambayarsa ya ruwa.

Na ce, "Baba, ko takarar kansila za ka tsayawa ba mu sani ba?"

Ya harare ni. "Kai mi kas sani? Yawan gaisuwa ya hi yawan hwaɗa."

Mutanen gari suka ce tsufa ya yi masa kyau, ya sauke masa zafin kai. Ni ma haka na ɗauka. Abin da ban lura da shi ba, duk inda ya tsaya sai ya sami abin dafawa, kuma wani lokaci mutum na tsakiyar amsa masa zai ce to madalla, ya wuce abinsa.

Da zuwa gona ya gagara saboda ɓarayin daji, na matsa masa ya dawo wurina. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, yayata tana aure a Bungudu, ba wanda zai zauna da shi. Ya yi ta ja da ni, daga baya ya ɗaure kayansa a buhu ɗaya ya biyo ni. A Gusau ne asirinsa ya tonu, domin a Tudun Wada bai san kowa ba, ba shi da wanda zai tsaya gaisarwa. Ranar farko da muka taka zuwa masallaci sai na ga ya tsaya jikin turken wuta yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Muka ɗan matsa, ya sake tsayawa jikin katangar wani gida, ya zuba wa bango ido, gumi na tsattsafo masa a goshi. Na tambaye shi lafiya. Sai ya sunkuya ya kama sha-raɓarsa ta dama ya ce nan ke ɗaurewa, kamar an sa igiya an tamke, in ya tsaya ta saki, in ya taka ta dawo. Na ce tun yaushe. Ya ce tun kafin rasuwar Inna.

Sanyi ne, in ji shi. An yi masa ƙaho, ya sha saiwoyi, ya shafa man zafi har fatar ta yi sheƙi. Da ƙyar na ja shi asibiti.

Likitan da muka samu ba shi da yawan magana. Ya sa Baba ya kwanta, ya taɓa bayan ƙafarsa da yatsu yana neman bugun jini, ya daɗe yana nema. Ya auna jininsa a hannu, ya sake aunawa a idon sawu, ya rubuta wani abu. Ya tambaye shi sigari, Baba ya ce ya bari, na ce bai bari ba, a bayan gida yake sha. Sai likita ya ɗaga masa riga ya ɗora abin sauraro a ƙirji, ya ce kuma a je a yi gwajin zuciya.

Nan Baba ya tashi zaune. "Likita, ƙahwa nik kawo maka. Mi yak kai ka ga ƙirji?"

Likita ya ce, "Baba, hanyoyin jinin jikin mutum a haɗe suke. Abin da ya taru ya matse na ƙafarka, kitse ne da dattin shekaru, hawan jini da sigari suka taimaka masa. Ba ya zaɓen wuri. In ya matse na ƙafa haka, da wuya a ce ya ƙyale na zuciya. Ƙafar ta riga yin ƙara ne saboda ita kake sa wa aiki."

Ya juyo wurina ya faɗa mini sauran a hankali. Ya ce masu wannan ciwo tsoron yanke ƙafa suke yi, alhali abin da ya fi ɗaukarsu bugun zuciya ne ko shanyewar ɓarin jiki. Ya ce suna da yawa a garin nan fiye da yadda nake zato, yawancinsu sanyi suke kiransa ko tsufa, ba sa zuwa sai yatsa ya yi baƙi. Gwajin zuciyar ya fito, ya nuna abin da ya yi tsammani. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a yi sallama da sigari, sannan ya kawo babban maganin: tafiya. Kullum Baba ya fita ya taka har ciwon ya kama shi, ya tsaya ya huta, ya sake takawa. Ya ce in aka dage, jini kan nemi ƙananan hanyoyi ya zagaye inda ya toshe, zuciyar ma tana amfana. In ƙirji ya yi nauyi kuwa, a tsaya a kawo shi nan da nan.

Ban taɓa ganin Baba ya fito daga asibiti da fara'a ba sai ranar. A bakin ƙofa ya ce, "In dai tahiya ta maganin, ai na warke. Mi ni iya duniya in ba ita ba?" Sigarin ma a ranar ya miƙa wa mai gadi sauran kwalin.

Washegari da sassafe ya ɗauki sandarsa ya fita. Ban gama shirin makaranta ba sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Maƙwabcinmu ne, wani mai sayar da kayan gini, ya goyo Baba a baya, fuskarsa cike da murnar ya yi aikin lada. Ya ce a bakin kwalbati ya tsinci tsoho tsaye yana cije baki. "Malam, don Allah in zai hita ku riƙa yi man magana, ai mun zama ɗaya." Baba ya sauko ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Me zai ce? Mutum ya tsaya domin ka, ya kira ka Baba, ya share maka wurin zama da hularsa, ba ka da bakin cewa a'a.

Haka aka yi ta yi. Matsalar ita ce maganin da kansa ya ƙunshi tsayawa cikin ciwo, kuma a unguwarmu ba a ganin dattijo tsaye cikin ciwo a wuce. In bai dawo a babur ba ya dawo a keke napep, direban ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. In ya tsira daga masu abin hawa, mai shago ya fito masa da benci, matar wani ta aiko da ruwa, a zaunar da shi har rana ta take. Sannan ga tambayar da ba ta da amsa: Baba, ina zuwa? A wurinmu ba a tafiya sai da wurin zuwa, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa, ko duba mara lafiya. Da ya ce babu, yana dai taka ƙafa ne, sai aka fara kallon juna, aka fara raɗa cewa rabuwa da gona ta taɓa tsohon. Da ya ji haka sai ya koma ƙirƙiro wurin zuwa, ya ce tasha za shi. Sai a ce ai tasha da nisa, hau in kai ka. Sau da dama an sauke shi a tasha ba shi da abin yi a can, wani kuma ya maido shi.

Na bi gida-gida ina bayani. Kowa ya saurare ni da kyau, ya ce Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya, gobe kuma ya ɗauko shi. Na lura in na ce likita ne ya ce, wasu sukan kalli babur ɗina da ke jingine a zaure. Na gwada raka shi da kaina bayan la'asar, abin ya fi muni: ga ɗa ƙato yana tafe hannu a aljihu, ga uba yana ɗingishi yana dafa bango. Cikin gida ba wuri, gidan haya ne, tsakar gidan ta matan mutane ce da turamensu da igiyar shanya, dattijo ba zai yi ta zagaye a cikinsu ba. Bayan gari kuwa, inda ba idon kowa, ba mai hankalin da zai kai tsohonsa can a wannan zamani.

Duk da haka ya ɗan samu. Ya gano wani lungu a bayan makarantar allo inda babur ba ya shiga saboda kwata, yana bi ta nan. Bayan 'yan watanni ya fara kaiwa masallacin da ke can ƙarshen unguwa da tsayawa ɗaya, shi da a da sai ya tsaya sau uku ko fiye. Ranar da ya fara yin haka ya dawo yana ba ni labari kamar yaron da ya ci jarrabawa. Na sa rai, ban ɓoye ba, na sa rai sosai.

Sai ga yayata daga Bungudu, ba ko sanarwa. Tun daga yadda ta ajiye jakarta na san da magana. Ta gaida Baba, ta ja ni zaure.

"Kai yanzu ba ka jin kunya? Gidan suna ni ke zaune, cikin mata, wata tac ce ta ga ubana Gusau shina jan ƙahwa bisa titi awa wanda bai haihu ba. Ina kas so in sa kaina?"

Na ce, "Yaya, magani na. Likita yac ce in bai tahiya jijiyoyin toshewa su kai, har na zuciya."

"Likitan, nashi uban shina bisa titi? Mutumin da yay yi muna noma har ƙarhinai yak ƙare, yanzu lokacin hutawatai ka ce ya yi ta gantali cikin rana? In ya ishe ka, ba ni shi in tahi da shi. Ni ina da ɗaki."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na kawo mata misali da tiyon ban-ruwa da laka ta toshe. Ta ce ubanta ba tiyo ba ne. Yayata ba muguwa ba ce, duk cikinmu ba wanda ya kai ta son Baba, kuka take yi tana faɗan. Muna yi Baba na ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu.

Abin da ya karya shi a ƙofar masallaci ya faru. An idar da la'asar, mutane na neman takalma, sai wani dattijon unguwa, mutumin kirki wanda kowa ke jin maganarsa, ya riƙe hannuna. Bai ɗaga murya ba, amma kowa na ji. Ya ce ni malami ne, ba sai an tuna mini haƙƙin iyaye ba. Ya ce mutane na magana, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya ce in man babur ne ya yi wuya, unguwa ba za ta gaza ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ya dafa kafaɗata ya ce ba sai na ce komai ba, ya san yaro ne ni mai jin magana. Na waiwaya, Baba na tsaye bayana da takalminsa a hannu, ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da laifi.

Da safe bai ɗauki sanda ba. Ya ce ya gaji. Washegari ma haka. Da na matsa masa sai ya ce in zauna.

"Ƙahwag ga tawa ta, suna kau naka na. Ni na ci kasuwata na tashi. Kai ad da sauran zama cikin mutane, kai ad da ɗiyan da za a nema ma aure wata rana. Ba ni bari a ce ka wulaƙanta ubanka."

Na ce su faɗi abin da suka ga dama, bakinsu ne. Na ce in ya zauna mutuwa zai yi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mutunci madara na. In ya zube ba ya kwasuwa." Ya jawo carbinsa, wato zance ya ƙare.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, daga baya yayata ta aiko da kujera mai taushi. Masallacin da ke kusa ma maƙwabcinmu ke kai shi a babur, ya ɗauki abin kamar wazifa. Da yake ba ya takawa, ƙafar ta daina ciwo. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta ciko. Unguwa ta ce tsoho ya warke. Yayata ta bugo waya tana cewa, "To, wa yag gaya maka? Hutu dai ya so." Ƙwayoyin ma sai na tsaya a kansa yake sha, ya ce wa ke shan magani ba ciwo. Da muka koma asibiti likita ya tambayi tafiya, na gaya masa yadda aka yi. Bai yi mamaki ba. Ya taɓa ƙafar, ya ce ta ƙara sanyi, ya ce shirun da ta yi ba sauƙi ba ne. Ya roƙi Baba, Baba ya ce to, in sha Allahu, irin to ɗin da na san ma'anarta tun ina yaro.

A wannan zaman ne idona ya buɗe da mutanen gari. A tasha, a bakin kasuwa, a hanyar Tsafe in na je, sai in riƙa ganinsu: dattijo ya tsaya yana doguwar gaisuwa, hannu ɗaya a jikin bango, ƙafa ɗaya a ɗan sake. Wasu ma ba su tsufa ba, direbobi ne da 'yan kasuwa masu furfura ɗai-ɗai. Nakan iya nuna su daga nesa. Na taɓa tsayar da wani mai sayar da goro na ce ya je a duba masa zuciya. Ya yi dariya har da tafawa, ya ce ƙafa ke ciwo, Malam, sanyin damina ne, zuciyarsa ƙalau take kamar ta doki. Daga nan na daina tsayar da kowa, ina dai ganinsu in wuce da baƙin cikina.

Baba ya fara cewa tuwo na tsaya masa a ƙirji. Ya sa a jiƙa masa kanwa. Na ce mu je asibiti, ya ce ƙwarnafi ne, ba a kai ƙwarnafi gaban likita. Na kai shi da faɗa, aka ƙara masa wata ƙwaya, aka ce akwai gwajin da sai a babban asibiti a wani gari, aka ba mu lokaci mai nisa. Bai kai lokacin ba.

Ina cikin aji da hantsi aka kira ni. An ce yana zaune a kujerarsa gumi ya karyo masa, ya dafe ƙirji, ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi. Unguwa ta yi abin da ta iya, kuma ta yi da sauri: maƙwabcinmu ya tare keke napep, mutum uku suka ɗauke shi, mai shago ya rufe shagonsa ya bi su. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Ƙafar da muka yi ta tsoron za a yanke tana nan lafiya lau, ko ƙurji babu, da ita aka yi masa wanka.

Ban san ko tafiyar za ta cece shi ba. Likita bai taɓa yi mini wannan alkawari ba, cewa ya yi tana taimakawa. Wataƙila shekarun sigari sun riga sun gama aikinsu. Abin da ke ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan riƙe. Ba wanda ya yi wa Baba mugunta, kowa alheri ya yi masa, kuma in yau wani tsoho ya fito da sandarsa a unguwar nan, haka za a sake yi masa.

A Gusau muka binne shi, domin hanyar gida ba ta biyuwa a makon. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa, daga Bungudu, daga Tsafe, har 'yan Kucheri da suka iya fitowa. Ranar addu'ar uku dattijon nan na masallaci ya zo, aka matsa masa wuri kusa da ni. Bayan an shafa fatiha ya gyara murya, ya kama hannuna ya ɗaga yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku shaida, yaron ga ya yi biyayya. Sau guda anka yi mai magana. Tun daga ranan tsohon nan bai ƙara taka ƙasa ba sai bisa abin hawa, yana zaune ana yi mai hidima har Allah ya karɓi abinai. Allah shi ba mu ɗiya irinai."

Wurin ya ɗauka da amin. Maƙwabcinmu yana share hawaye da hularsa. Daga cikin gida na jiyo muryar yayata ita ma tana amsawa. Dattijon bai saki hannuna ba, yana kallona yana jira, mutane duka suna kallona. Na ce amin.